Daddawa Mai Wanke Kanta

A Gwandu, in kana neman gidan Kubura mai daddawa ba sai ka tambayi kowa ba, hancinka zai kai ka har ƙofa. Mijinta Malam Ɗalha kuwa kunnenka ne zai kai ka wurinsa. Duk inda ka ji wata murya ta danne ta kowa tana cewa, “Ai ni na san wannan tun ba a haife ku ba,” to shi ne. Manomin gero ne da wake, amma a bakinsa ya san maganin shanu, ya san ranar saukar damina, ya san gyaran injin ban-ruwa. Injin maƙwabcinsa da ya taɓa gyarawa yana nan a zaure har yau, kaji na yin ƙwai a gefensa.

Sai ga labari daga Kalgo, ’yarsu Nafisa ta sauka lafiya, an sami namiji. Kubura ta yi guɗa, ta yi hamdala, sannan ta zauna a bakin murhu ta yi tagumi. Ba komai ya tayar mata da hankali ba sai Hajiya Indo, uwar mijin Nafisa. Matar nan tun ranar bikin Nafisa ta ce a gaban mata, wai daddawar Gwandu sai an zuba mudu guda kafin miya ta san an yi baƙo. Maganar ba ta tsaya a ranar biki ba. Duk ranar da miyar Nafisa ta yi lami sai an ce, “To, ai gado ne.” Yarinya ta sha faɗa wa uwarta a waya tana dariyar da ba ta kai ciki ba. Don haka Kubura ta aika wa Hajiya Indo cewa kada a sayi daddawar kowa, ita za ta kawo wadda za a yi miyar suna da ita. In ta yi daɗi, a daina yi wa ’yarta gori. In kuwa ta ɓaci, to Nafisa ta shiga uku a gidan nan har jikokinta.

Ranar ta ɗora kalwa a wuta, shi kuma Malam Ɗalha ya hau mota ya tafi barka. A harabar asibiti ya tarar da Alhaji Hamidu, mijin Hajiya Indo, cikin mutanensa. Suka gaisa, suka yi wa juna barka. Alhaji ya ɗaga ido ya dubi kan baƙonsa.

“Malam Ɗalha, wagga hula taka, in anka matse ta ai a soya ƙosan suna ba a sayi mai ba.”

Aka bushe da dariya. Malam Ɗalha ya yi yaƙe, ya zame ya koma gindin wata taga. A ciki kuwa malamar asibiti ce ke yi wa masu jego bayanin tsafta: wannan kullum ake yi, wannan mako-mako, wancan sai an ɗauki watanni. Ya tsaya ya kasa kunne yana gyaɗa kai kamar shi ya koya mata. Kafin motar dawowa ta iso Kambaza ya gama zama likita, har ya duba idon direba ya ce masa jininsa ya yi ƙasa.

Da shigarsa gida ya dire ƙaton ƙunshin omo a tsakar gida.

“Kubura! Wanga gida ƙazanta ta ci shi. Daga yau komi kullum za a wanke shi.”

“Sannu da hanya, Malam. Yaya mai jegon? Yaron da wa yake kama?”

“Da ni yake kama, amma ba shi ne zancen ba. Na ji malamar asibiti tana cewa wai wani abu mako-mako, wani wata-wata. Na gane ta. Ta san mata ragwaye ne, shi ya sa ta yi musu rangwame. Ni ba rago ba ne. Abin mako, kullum. Abin wata, kullum. Abin kullum kuwa, bayan kowace salla. Ranar suna sai mutanen Kalgo sun tambaye ni a ina na yi karatu.”

Kubura ta kwashe kwandunan kalwarta da ta lulluɓe da ganye da buhuna, ta kai ƙuryar ɗaki, ta garƙame, ta ɗaure makullin a bakin zani. Shekarun zaman aure sun koya mata wannan.

Da randa ya fara. Ya tuttule ruwan da aka sha wahalar jawowa daga rijiya, ya zazzaga omo, ya shiga da hannu har kafaɗa.

“Malam, randar ƙasa ce. Shekaranjiya na wanke ta da soso da ruwa zalla. Kwana bibbiyu nake yi, ya isa. In ka sa mata omo shanyewa za ta yi.”

“Ta shanye mana. Cikinta ya wanku ke nan.”

Da la’asar maƙwabciyarsu Laraba ta shigo aron rariya, ta ɗebi ruwa a moɗa ta kurɓa. Ta tsaya cak. Ta fesar.

“Kubura, mi na yi miki? Ruwan wanki kike ba baƙi su sha?”

“Tambayi likita, ga shi can.”

Likita yana zaune a kan turmi da reza, yana yankan farce. Da ma ranar Juma’a yake yi kamar kowa, in ya tuna. Yanzu kuwa kowace safiya. Rana ta farko ya yanke farce. Rana ta biyu ya kankare abin da ya saura. Rana ta uku babu farcen, amma Malam Ɗalha ba mutumin da zai karya doka don rashin farce ba ne, sai ya shiga nama. Da azahar yatsunsa duk a naɗe da tsumma, yana cin tuwo da cokali kamar baƙon gwamna.

Haƙora ma ba su tsira ba. Ya yar da asuwaki, wai na mutanen da ne, ya sayo buroshi mai tauri kamar na wankin takalmi. Safe da dare bai ishe shi ba, sai da ya mai da shi bayan kowace salla, da kuma duk lokacin da ya ga mutane sun taru za su gan shi. Dasashi ya kumbura, goro ya gagare shi. Sai ya ce da ma goro ƙazanta ne.

Wanzamin unguwa ya zo zaure ya yi masa aski ranar farko da murna. Kashegari aka sake kiran sa, ya zo ya shafa aska a kan da babu komai, ya karɓi sallama. Da aka kira shi karo na uku, Kubura tana daga bayan katanga ta ji shi yana cewa:

“Malam Ɗalha, ka ji tsoron Allah. Kan nan ya yi ja kamar gauta. Babu abin da ya rage a aske sai ƙwaƙwalwa, ita kuma ban da tabbacin zan same ta.”

“Jahilci ke damun ku. Gashi yana tsirowa ko ba ka gan shi ba.”

“To in ya fito ka gaishe shi.”

Duk wannan abin, hular tana nan a kansa yadda take, baƙin maiƙo ya zagaye bakinta kamar an yi mata ado. Kubura ta gaji ta ce, “Malam, ita hular fa? Ba ita ta jawo mana wanga bala’i ba?”

“Hula ba a wanke ta barkatai. Lalacewa take yi. Komi da lokacinsa, Kubura.”

Ta koma ɗaki ta leƙa kalwarta, ta ji warin ya fara tashi yadda ake so, ta ce Allah ka rufa mini asiri.

Da ya gama da jikinsa sai ya waiwayi dabbobi. Akuyar Kubura, wadda tun da aka haife ta ruwan sama kaɗai ya taɓa bayanta, ta sha wanka da safe, ta sha da yamma. Ta fara atishawa, ta hana ’ya’yanta nono. Da ta hango shi da bokiti karo na gaba sai ta tsinke igiya, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa, ta watsa shi cikin kwatami, ta haura katangar Laraba. Can ta tare, ko da dusa aka kira ta ba ta waiwayowa.

Bai daddara ba. Ya ce ilmi ba a ɓoye shi, dole unguwa ta amfana. Ya bi gida-gida yana sallama, wai a miƙo gidajen sauro zai wanke kyauta. Jin kalmar kyauta, mata suka yi ta miƙowa.

Kubura ta tare shi a bakin rijiya. “Malam, don girman Allah. Masu rabon gidan sauro sun ce akwai magani a jikinsa. Ba a wanke shi sai ya yi datti sosai, can bayan watanni, da sabulu mai sauƙi, a shanya a inuwa.”

“Inuwa! Rana da Allah ya ba mu kyauta? Matsa ki ga aiki.”

Ya jiƙa su a omo, ya cuɗa, ya buga a kan dutse kamar bargo. Igiya ba ta isa ba, sai ya baza su a kan shingen ƙayar da ke bayan gida. Da iska ta taso da yamma ya je kwashewa, ƙaya ta ce ba ta san zancen ba. Ya ja, ta ja. Ya mayar wa kowa nasa a ninke tsaf, yana ƙamshi.

Gari na wayewa ƙofar gidan ta cika. Laraba ce a gaba, ido ɗaya a kumbure, ta ɗaga gidan sauronta ta zura kai ta wata huda har kafaɗa.

“Fito, likita! Fito ka ga ƙofar da ka buɗe wa baƙi. Jiya sauron Gwandu duka a ɗakina sunka yi walima.”

Wata tsohuwa ta ce, “Nawa ba sauro kaɗai ba, jemage ma ya shiga ba ya sunkuya ba.”

Malam Ɗalha ya fito da kofin ruwa da buroshi a baki. “Ku dai ba ku da godiya. Da can iska na shiga? Yanzu fa?”

“Iska ta shiga, jini ya fita,” in ji Laraba. “In zazzaɓi ya kama mini ’ya’ya, a zaurenka zan kwantar da su.”

Kubura ce ta yi ta ba da haƙuri, ita ce ta kwashi gidajen sauron ta zauna da allura da zare. Tana ɗinki tana lissafin abin da ya fi damun ta: jibi suna.

Allah ya taimake ta kalwa ta nuna yadda ba ta taɓa nuna ba. Ta kirɓa ta a turmi, ta mulmula, ta jera a kan tabarma a rana, ta zauna gadi da sanda kamar mai tsaron gona. Malam Ɗalha ya zo wucewa ya toshe hanci.

“Wanga wari fa? Sau nawa kike wanke ta?”

“Ba a wanke ta, Malam. An wanke kalwa tun kafin a rufe. Warin shi ne daddawar.”

“Haka za a kai wa su Alhaji Hamidu? Su ce daga kan hula har cikin miya?”

Ana gobe suna aka yi waya daga Kalgo, Nafisa tana kuka tana son ganin uwarta, nono ya yi mata tauri. Dole Kubura ta tafi da safe. Daddawa kuwa ba ta gama shan iska ba, in aka tura ta a buhu haka za ta cakuɗe. Ta so ta bar wa Laraba, Laraba ta ce ita da gidan nan sai dai gaisuwa daga nesa. Kubura ta tsinci ’yan ƙwayoyin da suka bushe a gefe ta ƙulle a leda, sannan ta durƙusa a gaban mijinta.

“Malam, ban taɓa roƙon ka komi irin wannan ba. Da yamma ka kwashe ta, gobe ka taho da ita. Amma ka rantse mini ba za ka bari ko ɗigon ruwa ya taɓa ta ba.”

“Haba Kubura, sai ka ce yaro.”

“Ka rantse.”

“Wallahi ruwa ba zai taɓa ta ba.”

Ta shiga mota tana waiwaye. Har aka isa Kalgo ba ta daina jin kamar ta bar jariri kusa da wuta ba.

A can ta gasa wa Nafisa jiki, ta lallashe ta, ta yi mata ’yar miyar jego da daddawar da ta ƙullo. Hajiya Indo ta leƙo, ta ce bari ta ɗanɗana gishiri. Ta ɗanɗana, ta sake ɗanɗanawa, ta ɗebi rabin kwano ta tafi ɗakinta. Ba ta ce uffan ba.

Ranar suna aka raɗa wa yaro Abdulgani, aka yanka rago. Gida ya cika da mata, maza suna kan tabarmi a waje, katanga ce kawai tsakani. An tuƙa tuwon shinkafa, ƙatuwar tukunya tana tafasa da nama a tsakar gida, daddawa kaɗai ake jira. Hajiya Indo sai zagaye take tana cewa, “Ko dai ta Gwandun ta ji kunya ta fasa zuwa?”

Kubura tana ɗaki tana shirya jariri sai ta ji an ce ga saƙon Malam Ɗalha. Kafin ta ajiye yaron ta fito, masu girki sun riga sun juye rabin buhun a turmi, sun haɗa da barkono sun daka, sun antaya a tukunya. Ɗaya daga cikinsu tana shinshina hannunta tana cewa, “Ikon Allah, daddawar Gwandu har da ƙamshin sabon wanki.”

Daidai nan muryar da ta fi ta kowa ta tsallako katanga.

“Alhaji, miyar da za ku ci yau, ku gode mini. Ita Kubura ta yi iya nata, daddawa irin ta mutanen da, mai wari. Ta sa ni rantsuwa kada ruwa ya taɓa ta, ban kuwa karya ba. Amma mai ilmi ba ya rasa hanya. Tana fita na mayar da ita turmi, na zazzaga mata omo busasshe, na sake kirɓawa da hannuna, na mulmula. Kun gane hikimar? Tana shiga tukunya, ita za ta wanke kanta!”

Mata duka suka juya suka dubi tukunya.

Murfin ya ɗaga a hankali kamar mai gaisuwa. Wata farar kumfa ta leƙo, ta taru, ta yi tozo, ta ture murfin ƙasa. Ta gangaro ta kashe wuta, ta bi ƙasa ta nufi takalman baƙi. Wata ta sa ludayi tana kwashewa, tana kwasa tana ƙaruwa. Yara suka yi ihu suna dambe da ita. Wata baƙuwa daga Birnin Kebbi mai leshi ta taka ta zame, ta zauna daɓas a cikin kwanon tuwo. Kumfa ta samu hanyar kwata ta fita waje, ta ɓullo daidai gefen tabarmar maza da guntun tattasai a kanta.

Kubura ta jingina da bango. Ba ta ganin kumfar, fuskar Nafisa take gani a bakin ƙofa.

Hajiya Indo ta yafa mayafi ta tsaya a zaure. “A ce da Malam Ɗalha ya matso, ina gaisuwa.”

Ya matso yana gyara riga, yatsu a naɗe. “Hajiya, kada ku tsorata. Kumfa alama ce dattin yana fita.”

“To madalla. Naman rago guda ne a ciki, shi ma ya fita?”

“Ai a tsame shi a ɗauraye.”

Alhaji Hamidu ya ce a ɗebo a kwano. Aka kawo, kumfa na rawa a kai. Ya miƙa masa da hannu biyu. “Bismilla. A asibiti ma likita ke fara gwadawa. Mu jahilai sai mu biyo baya.”

Malam Ɗalha ya dubi kwano, ya dubi jama’a. Mutanen Kalgo sun yi masa zobe, har masu wucewa sun tsaya. Ya kai cokali baki. Kumburarren dasashi ya haɗu da barkono da omo. Idanunsa suka kawo ruwa, wuyansa ya yi ta kai da kawowa.

“Yaya?” in ji Alhaji.

“Ta yi... santsi,” ya ce, ya ajiye kwano ya zagaya bayan gida da sauri, ana jin kakarinsa har tsakar gida.

Da ya dawo ya tarar an fito da tukwanen suna duka an jera a ƙofar gida, da sauran rabin buhun daddawarsa a gefe.

“Hajiya ta ce tunda ba ta ciyuwa, kada a yi asara,” in ji Alhaji Hamidu. “Ga soso.”

Haka surukin gida ya tsuguna a gaban ’yan suna yana dirzar gindin tukunya da daddawa. Abin haushi, tana fitar da baƙin kuwa. Bai jima ba aka ji shi yana cewa, “Ku duba yadda take haske! Duk Kalgo akwai mai daddawar da ke wannan?”

“Babu,” in ji Alhaji. “Wallahi babu.”

A ciki an aika kasuwa neman kifi, an ɗora sabuwar tukunya. Kubura tana rakuɓe a ɗakin Nafisa ta rufe fuska da mayafi. Hajiya Indo ta shigo, mata suka biyo ta don kada a ba su labari.

“Buɗe fuskarki, Kubura. Duk mun ji da kunnenmu wanda ya yi aikin.” Ta juya wajen matan. “Ta hannunta na ci jiya. Ƙwaya biyu ta sa, na sha rabin kwano, na kwana ina lasar baki. Shiru na yi don kada kanta ya yi girma. Wadda ta sake yi wa Nafisa zancen daddawa a gidan nan, da ni take.”

Nafisa ta sunkuyar da kai tana dariya, hawaye na sauka a kan zanen goyo. Kubura ta yi ta godiya.

Hajiya Indo ta zauna a bakin gado, ta karɓi jaririn, ta saurari muryar da ke tashi daga waje tana koya wa mutanen Kalgo yadda ake riƙe soso. Ta rage murya.

“Tsakani da Allah, ’yar’uwa, kullum haka yake?”

Kubura ta share ido da bakin mayafi.

“A’a, Hajiya. Irin wannan babba shekara-shekara yake yi. Da kullum ne, ai da ba ki same ni da rai ba.”